Taron Nesa a Potiskum: Dalilansa da Abin da Ya Haifar

Taron nesa, wato zaman da mahalarta ke jin juna da ganin juna ta waya ko kwamfuta ba tare da sun haɗu wuri guda ba, ya samu gindin zama a Najeriya a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa Majalisar Zartarwa ta Tarayya kanta ta koma zama ta bidiyo. A Potiskum kuwa, abin da ya raya shi bayan annobar shi ne tsadar hanya, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 100, saboda zaman sa'a guda ya zama nauyin da malami ko sakataren ƙungiya ba ya iya ɗauka kullum. Dillalan kara ma sukan nuna wa mai saye da ke Legas sa ta WhatsApp kafin a yi ciniki.

Sai dai sauƙin bai game kowa ba. Hoto mai motsi yana cin data fiye da murya nesa ba kusa ba, ga shi hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ga kuma wutar lantarki da ba ta da tabbas. Saboda haka mahalarcin da ke ƙauyukan Fika ko Nangere yakan rufe kyamara, wani lokaci sabis ya yanke shi ana tsakiyar magana, a yanke shawara ba da shi ba, alhali a al'adar wannan yanki ganin fuska da cikakkiyar gaisuwa su ne ke sa a ba wa maganar mutum nauyi. Potiskum, garin da ya ɗanɗani rufe layukan waya a dokar ta-ɓaci ta 2013, ya san illar a yi magana babu kai.

Nauyin gyara yana wuyan shugaban taro. Ya kamata ya auna zaman da ƙarfin wanda sabis ɗinsa ya fi rauni: a aika ajanda tun da wuri, a buɗe kyamara lokacin gaisuwa kawai, a kira kowa da sunansa ya faɗi ra'ayinsa, a kauce wa lokutan salla, a kuma kammala cikin minti 40 da Zoom ke bayarwa kyauta. Bayan an tashi, sai a tura abin da aka zartar da saƙon murya, a ba wanda layi ya yanke damar amincewa ko ƙi kafin a fara aiwatarwa.