Iyakar Bashin Amurka: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Sulhu?

Tun a shekarar 1917 Majalisar Dokokin Amurka ta fara ƙayyade bashin da gwamnati za ta iya ci, kuma a 1939 aka tattara kusan dukkansa ƙarƙashin iyaka guda. Sai dai wannan iyaka ba ta hana kashe kuɗi, domin majalisar ce da kanta ke amincewa da kasafi da haraji. Ɗaga iyakar izini ne kawai ga Baitulmali ya ranto kuɗin cika alkawuran da aka riga aka ɗauka, kamar albashin soja, fansho da kuɗin ruwa. Saboda haka ainihin gardamar ita ce: aljihun wa za a taɓa?

'Yan jam'iyyar Republican na ganin cewa almubazzaranci ne tushen giɓin kasafi, kuma ƙarin haraji na kashe gwiwar masu zuba jari. 'Yan Democrat kuwa na cewa zaftare kasafi talaka da ma'aikaci yake cutarwa, don haka masu hannu da shuni su ƙara biya.

Rikicin 2011 ya nuna yadda ake ƙarewa. Majalisar Wakilai a ƙarƙashin John Boehner ta ƙi ɗaga iyakar sai an rage kashe kuɗi. Ranar 2 ga Agusta Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta zaftare dala biliyan 917 cikin shekaru goma, ba tare da sabon haraji ba. Bayan kwana uku kamfanin Standard & Poor's ya sauke Amurka daga matakin ƙoli na amincin biyan bashi. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ƙiyasta cewa jan ƙafar kaɗai ya ƙara wa Baitulmali kimanin dala biliyan 1.3 na kuɗin ruwa a wannan shekara.

Batun haraji sai a Janairun 2013 aka warware shi. Wanda ke samun fiye da dala 400,000 a shekara an ɗaga masa haraji daga kashi 35 zuwa 39.6 cikin ɗari, aka kuma ce an kare masu matsakaicin samu. Amma a daidai lokacin rangwamen harajin fansho da ake cirewa daga albashi ya ƙare, ya koma kashi 6.2 daga 4.2. Ma'aikaci mai albashin dala 50,000 ya rasa dala 1,000 a shekara. Dalilin a fili yake: attajiri na da hanyoyin sarrafa ribarsa, shi kuwa mai albashi tun daga tushe ake yanke nasa.

Bashin kuma bai tsaya ba. A 2023 an dakatar da iyakar har zuwa Janairun 2025. A shekarar kuɗi ta 2024 kuɗin ruwa ya zarce kasafin tsaro, a Mayun 2025 kamfanin Moody's shi ma ya sauke darajar ƙasar. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da ta ƙara dala tiriliyan 5 a kan iyakar, ta tsawaita rangwamen harajin 2017, ta kuma rage tallafin lafiya da na abinci.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwarmu. Kuɗin ruwan takardun bashin Amurka shi ne ma'aunin rancen dala a duniya, har da wanda Nijeriya ke ci a kasuwannin waje. Idan ya hau, rance zai yi wa gwamnati da bankuna tsada, kuma mai shigo da kaya ne zai ji a jikinsa.