Shin Ko Kun San? Tsohon Gilashin Kyamara Yana Nan da Ƙarfinsa

Kyamarar fim ta ci zamaninta, amma gilashin da ke gabanta bai gama aiki ba. Kyamarar zamani kan zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa sai ya shekara hamsin yana fitar da hoto garau. Abin takaici ne a bar irinsa a akwati ƙura tana cinsa.

Shin ko kun san cewa sirrin haɗa tsoho da sabo duk yana cikin 'yar tazara? Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wani ƙayyadadden nisa daga fim. Na Nikon F milimita 46.5 ne, na Pentax K 45.46, na Canon FD 42. Tsofaffin kyamarori suna da zurfin ciki saboda madubin da ke ɗagawa yayin ɗaukar hoto. Sababbin da ba su da madubi sirara ne: Sony E milimita 18, Canon RF 20, Nikon Z 16. Don haka adafta zoben ƙarfe ne kawai, fanko, wanda ke cike giɓin. Adaftan da ke ɗora gilashin Nikon F a kan Sony kaurinsa milimita 28.5 ne.

Shin ko kun san cewa milimita 2 kacal suka jefa gilasan Canon FD cikin zaman kashe wando? A 1987 kamfanin ya fito da sabon baki mai suna EF, mai tazarar milimita 44. Tsohon gilashin na buƙatar 42, babu yadda za a yi ya matsa ciki, sai ya kasa kama abin da ke nesa. Kyamarori marasa madubi ne suka farfaɗo da shi, tun daga Panasonic G1 a 2008 zuwa Sony A7 a 2013.

Shin ko kun san cewa wasu ba sa ma buƙatar adafta? Nikon ya fara bakin F a 1959, Pentax ya fara K a 1975, kuma dukansu sun riƙe shi har zamanin kyamarorin dijital masu madubi. Sai dai a yi hattara: gilasan Nikon da aka ƙera kafin 1977, idan ba a gyara su ba, suna iya lalata wani ɗan harshe da ke bakin wasu kyamarorin.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin gilasan da aka fi nema yau ɗan tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne? Helios 44-2, mai milimita 58, an kwaikwayo shi ne daga Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus, kuma tare da kyamarar Zenit aka riƙa sayar da shi. Yana sa abin da ke bayan mutum a hoto ya narke yana juyawa kamar guguwa. Wannan a da aibi ne, yanzu kuwa shi masu hoton fuska suke bi.

Shin ko kun san cewa manyan masu shirya fim na Amurka ma sun waiwayo? Zack Snyder ya ɗauki Army of the Dead na 2021 da tsofaffin gilasan Canon, ciki har da mai milimita 50 f/0.95 wanda ya fito tun 1961. A Dune: Part Two na 2024 an yi amfani da gilasan Sobiyet da aka sake wa gangar jiki.

Shin ko kun san cewa gilashi ɗaya yana iya ba da hoto iri uku? Girman sensa, wato abin da ya maye gurbin fim a cikin kyamara, shi ke yanke hukunci. A kan sensa mai faɗin fim, milimita 50 tana nan a 50. A kan ƙaramar sensa ta APS-C sai ta kama fili kamar 75, ko 80 idan Canon ce. A kan Micro Four Thirds kuma kamar 100.

Shin ko kun san cewa saitin hannu ya fi sauƙi yanzu? Kyamara marar madubi tana zana launi a gefen duk abin da ya fito sarai, tana kuma faɗaɗa hoton don a duba ƙwayar ido. Mai hoto ne zai murza zoben saiti da na ƙofar haske da kansa. A wasu kyamarorin sai an kunna izinin ɗauka ba tare da gilashi ba, domin ba sa jin an ɗaura musu komai. Mai na'urar hana girgiza kuma sai an shigar mata da milimitar gilashin.

Shin ko kun san cewa wasu gilasan suna yin rawaya da tsufa? Super-Takumar 50 f/1.4 na kamfanin Asahi na Japan yana cikinsu, saboda sinadarin toriyam da aka zuba masa, mai fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan. Hasken rana na kwanaki yana rage rawayar, amma a kiyaye kada zafi ya narkar da man da ke ciki.

Shin ko kun san cewa laima ta fi tsufa illa? Danshin damina na haifar da fumfuna da ke cin fuskar gilashi. Kafin ku saya, ku haska shi da tocila, ku murza zobbansa, ku tabbatar ƙofar haske tana buɗewa tana rufewa babu maiƙo. Ku ajiye shi a busasshen wuri, da hunturu kuma ku hure ƙura kafin ku goge.

Duk mai tsohuwar kyamara a gida ya ciro ta, ya karanta sunan da ke jikin gilashin, ya nemi adaftan da ya dace da bakinsa. Ga matashin da bai da kuɗin sabon gilashi, wannan hanya ce mai rahusa ta samun hoto mai kyau da kuma koyon sana'ar daga tushe.