Yadda Rago Ke Mai Da Kara Nama

A gidanmu da ke Unguwar Sarki, kusa da Masallacin Sultan Bello a Kaduna, kowace shekara Baba yakan sayo rago daga Zangon Tudun Wada, mu turke shi har Babbar Salla. In na zo hutu, ni ke ba shi abinci. Bara da rani harawa ta yi tsada, sai muka koma sassara masa karan dawa ana gauraya da dusa. Na daɗe ina mamaki: yaya busasshen karan da ko haƙorina ba ya iya tauna shi zai zama kitse a jikin dabba? Da muka koma makaranta na tambayi malaminmu na ilmin halittu, don an ce mai tambaya ba ya ɓata. Ga abin da na koyo.

Ashe kara sukari ne, amma ɗaurarre. Jikin kowane tsiro an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa. An yi bangon da dogayen sarƙoƙin sukari, manyansu su ne selulos da zailan. Cikinmu ba ya iya tsinke su. Abin mamaki, shi ma ragon ba ya iyawa da kansa, 'yan ƙwadago gare shi.

Cikin rago kashi huɗu ne, babban shi ne tumbi. A nan ne wasu halittu ƙanana da ake kira bakteriya suke zaune. A cikin ƙaramin cokali ɗaya na ruwan tumbi, yawansu ya fi na mutanen duniya duka. Wani masani a Amurka, Robert Hungate, shi ya gano hanyar renonsu a cikin kwalba inda babu iska, a shekarar 1950 kuwa ya bayyana wadda yanzu ake kira Fibrobacter. Waɗannan halittu suna fitar da wasu sinadarai, watau inzayim, masu aiki kamar almakashi.

To, amma tsiro ma ba wawa ba ne. A jikin sarƙar zailan akwai waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle da ake kira asetil, sun fito kamar ƙaya a reshen aduwa. Muddin suna nan, almakashin ba ya samun wurin kamawa. Saboda haka bakteriya suna da wani inzayim dabam wanda aikinsa kawai cire ƙayar nan. Peter Biely da abokan aikinsa ne suka fara bayyana irinsa a 1985, a jikin naman gwari, daga baya aka same shi a bakteriyar tumbi. In ya kakkaɓe ƙayar, sai sauran su tsittsinke sarƙar, bakteriya su ci sukarin su fitar da ruwan tsami. Wannan tsamin ne ke ratsa tumbi ya shiga jini, daga nan dabba ke samun yawancin ƙarfinta. Tuƙar da rago ke yi kuwa, farfasa musu karan yake yi don aikin ya yi sauri.

Sanin wannan yana da amfani biyu ga iyayenmu masu kiwo. Na farko, ana iya taya bakteriya cire ƙaya. Malaman dabbobi suna koyar da jiƙa takin yuriya kilo 4 a ruwa, a yayyafa wa kara kilo 100, a rufe da leda mako uku, sa'an nan a sha masa iska kafin a ba dabba. Amma a nemi malamin gona tukuna, domin tsurar yuriya guba ce.

Na biyu, kada a sake wa dabba abinci farat ɗaya. Shekarun baya ƙanena ya ji tausayin tunkiyarmu, ya tura mata kwanon masara cike. Tsami ya yi yawa a tumbinta, masu cin karan suka mutu, ta kwanta, da ƙyar aka ceto ta. A lokacin cewa muka yi sammu ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya turke rago ya tuna ba shi kaɗai yake ciyarwa ba. Allah ya kai mu Salla lafiya, amin.