Zainab Alkali: Malamar Da Ta Shigar Da Matan Karkara Cikin Littafin Turanci

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Binuwai daga Jimeta ya miƙi hanyar Mubi, kafin ya yi nisa zai tarar da Jami'ar Modibbo Adama. An kafa ta ne a cikin 1981 don koyar da fasaha, amma a 1984 sai gwamnatin soja ta haɗe ta da Jami'ar Maiduguri, aka koma kiranta Kwalejin Modibbo Adama, har zuwa 1988 da ta sake cin gashin kanta. To, a cikin malaman da suka koyar da Turanci a wannan kwaleji ta Yola akwai wata mace wadda sunanta ya zagaya makarantun ƙasar nan, watau Malama Zainab Alkali.

An haife ta a shekarar 1950, ta kuma tashi a Garkiɗa, garin Bura da ke bakin kogin Hawul, inda 'yan mishan daga Amurka suka sauka tun 1923 suka buɗe makaranta da asibiti. Daga nan ta tafi makarantar 'yan mata ta Sarauniya Elizabeth a Ilori, sa'an nan ta zo Kano, inda ta sami digirinta na farko a 1973 a Kwalejin Abdullahi Bayero. Ta yi shugabancin makarantar kwana ta 'yan mata ta Shekara kafin ta koma koyarwa a jami'a. Maigidanta shi ne marigayi Farfesa Muhammadu Nur Alkali, masanin tarihin Barno, wanda ya shugabanci Jami'ar Maiduguri, ya rasu a 2014.

A cikin 1984 ne kamfanin Longman ya buga littafinta na farko, The Stillborn, wanda ma'anarsa ita ce ɗan da aka haifa babu rai. Shekara na zagayowa Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ta ba shi lambar yabo. Sau da yawa akan ce ita ce mace ta farko a Arewa da ta rubuta ƙagaggen labari, amma maganar tana bukatar gyara, domin kuwa Hajiya Hafsatu Abdulwahid ta riga ta fitar da So Aljannar Duniya da Hausa tun 1980. Abin da Malama Zainab ta yi fice da shi shi ne yin nata da Turanci, har mutanen Ikko da Inugu da Ingila suka ji labarin matar Arewa daga bakin 'yar gida.

Labarin na wasu 'yan mata uku ne a wani ƙauye: Li, da yayarta Awa, da ƙawarta Faku. Kowace da burinta, kowace kuma ta rataya burin nan a wuyan namiji. Awa ta auri shugaban makarantar ƙauyen, giya ta lalata shi, ya bar ta da tarin 'ya'ya. Faku ta bi Garba zuwa birni, ta tarar da uwargida da wulaƙanci. Ita kuwa Li ta auri Habu Adams, saurayin da ya ci burin zama likita, ya tafi birni ya bar ta shekara huɗu tana jiran ya aiko a ɗauke ta. Da aka kai ta, ashe tallan kaya yake yi wa wani kamfani, ga kuma wata mace a gefe. Jariran da suka zo babu rai ɗin, su ne waɗannan burace-burace. Li ta kwashe kayanta, ta koma karatun horon malamai, ta sami abin hannunta, har ta zama ita ce ke ɗauke da gidan mahaifinta bayan rasuwarsa, alhali ɗan'uwanta namiji ya yi nisa da gida.

Inda aka yi ta ce-ce-ku-ce shi ne ƙarshen labarin. Bayan Li ta tsaya da ƙafarta, sai ta ji Habu ya yi haɗarin mota ya nakasa, ta yanke shawarar komawa gare shi. Waɗansu masu nazari, musamman mata, suka ce marubuciyar ta rushe ginin da ta yi da hannunta, ta mayar da yarinyar gidan jiya. Waɗansu kuwa suka ce ba haka ba ne, kuma da alama su suka fi kusa da gaskiya. Li ɗin da ta koma ba ita ce wadda aka kai birni tana jiran a ba ta kuɗin cefane ba. Ta koma da albashinta, bisa ganin damarta, ga mijin da yanzu shi ke bukatarta. Ko ya cancanci haka, wannan kam marubuciyar ta bar wa mai karatu.

Bayan wannan ta fitar da The Virtuous Woman a 1987, labarin Nana Ai, wata yarinya mai larurar ƙafa, a kan hanyarta ta zuwa makarantar kwana. Sai tarin gajerun labarai mai suna Cobwebs a 1997, da The Descendants a 2005, da The Initiates a 2007, da Invisible Borders a 2016. Babu wanda ya kai na farkon suna a cikinsu, amma zancen ilmin 'ya mace bai taɓa barin alƙalaminta ba.

Ta shafe kimanin shekara 20 a ƙarƙashin Jami'ar Maiduguri, ta yi ɗan zama a Abuja a hukumar kula da lafiya a matakin farko, kana ta koma aji a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, inda ta koyar da dabarun rubutun hikaya a matsayin farfesa, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jami'ar.