Abin da ke sa baƙin doki ya koɗe da yadda ake tsare launinsa kafin hawan Sallah

A Rigasa da ke Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, ba masu sarauta kaɗai ke ɗaure doki ba. Akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da ke ajiye shi domin kilisar yamma, akwai masu bayar da haya ga hawan angwanci, akwai kuma waɗanda burinsu shi ne a gan su a Zariya ranar hawan Sallah. Ba baƙon abu ba ne a birnin da ya shirya wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, ya kuma karɓi babban hawan bikin FESTAC a 1977.

A wajen irin waɗannan mutane akawal, wato baƙin doki, yana da daraja ta musamman, domin jan kaya da farin rawani sun fi fitowa a kansa. Sai dai koken masu shi kusan iri ɗaya ne: dokin da aka saya baƙi wuluk da damina, kafin watan Maris ya ƙare sai a ga gadon bayansa da gezarsa da bakin jelarsa sun koma ja-ja kamar tsatsa. Kwarjininsa ya ragu, mai neman haya ya tsallake shi, mai saye kuma ya samu hujjar karya masa farashi.

Ba kowane sauyin launi ne koɗewa ba

Kafin a kashe ko kwabo, ya kamata a tabbatar da abin da ake gani. Ƙurar hunturu da jar ƙasar Kaduna suna kwanciya a cikin gashi, kuma tsumma mai laima ya isa ya raba gardama: idan ja ya biyo tsumman, datti ne.

Akwai kuma dokin da ake haifa da duhun gashi, amma yana ɗauke da gadon furfura. Irin wannan yakan fara fitar da farin gashi a kewayen ido tun yana ƙarami, ya yi ta haske shekara bayan shekara har ya zama kili. Babu abincin da zai tsayar da shi. Haka nan wanda tun asali yake da ja-ja a kewayen hanci da kwiɓi, halittarsa ke nan. Ko a cikin baƙaƙe na ainihi, wani ya fi wani jure rana, kuma wannan ma gado ne. Mai saye ya duba waɗannan wurare kafin ya biya kuɗin akawal.

Rana da gumi

Baƙin gashi yana samuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda jiki ke zuba wa silin gashi tun yana cikin fata. Da zarar gashin ya fito waje, ya zama matacce, jiki ba ya iya ƙara masa komai. Hasken rana mai ƙarfi yana rusa wannan sinadari a hankali, abin da ya saura kuwa shi ne jan da ake gani. Shi ya sa koɗewar ke fara bayyana a inda rana ke duka kai tsaye, ƙasan ciki kuma ya zauna da baƙinsa.

Gumi ne ke ƙara wa wutar fetur. Gumin doki yana da gishiri ƙwarai, kuma idan ya bushe a jiki yana busar da gashin, ya buɗe wa rana hanya. Duk wanda ya cire sirdi bayan sukuwa ya san farin shatin da ke fitowa a wurin. Dokin da aka mayar turke da wannan shati, ya wuni a fili washegari, shi ne kan gaba wajen koɗewa.

A waɗannan shekaru lamarin ya ƙara tsanani, domin Ƙaramar Sallah na faɗowa ne a watan Maris, Babbar Sallah kuma a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ke nan ana buƙatar doki ya fi kyau daidai lokacin da ya sha hunturu da zafin bazara, kuma ɗanyar ciyawa ta daɗe da ƙarewa.

Inda abinci ya shigo

Jiki ba ya iya haɗa melanin sai da sinadarin tagulla, wanda ake rubutawa Cu a jikin buhunan abincin dabbobi. Sinadarin zinki, mai alamar Zn, shi ma yana da hannu a lafiyar fata da ƙarfin gashi. Idan suka yi ƙaranci, sabon gashin da ke tsirowa yakan fito da raunin launi tun daga tushe, sai rana ta ƙarasa shi cikin sauƙi.

Abin da ake buƙata kaɗan ne. Ma'aunin da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar a 2007 ya nuna dokin da ya kai kilo 500 na buƙatar kimanin miligiram 100 na tagulla da 400 na zinki a kullum. Dawakin Arewa galibi ba su kai wannan nauyi ba, don haka mai kilo 350 zai buƙaci wajen miligiram 70 da 280.

Matsalar tana cikin yadda aka saba ciyarwa. Dusa ita ce mafi araha, shi ya sa takan mamaye kwanon doki, alhali tana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe zinki ya hana hanji tsotse shi. Yawanta kuma yana ɓata daidaiton sinadaran ƙashi. Sannan ga sinadarin ƙarfe, wanda ya yawaita a jar ƙasa, yana shiga ciki ta ruwan rijiya da abincin da aka zube a ƙasa, kuma idan ya yi yawa yana gogayya da tagulla da zinki wajen shiga jiki. A nan ne wasu ke yin kuskure da kyakkyawar niyya: sun ga doki ya koɗe, sai su sayo maganin ƙarin jini mai cike da sinadarin ƙarfe su ɗura masa.

Kanwa da masu dawaki suka gada tana da nata amfanin, amma ba ta maye gurbin tagulla da zinki.

Tushen abincin doki shi ne ciyawa. Yana buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa da suka kai kashi ɗaya da rabi zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kilo 5 zuwa 7 ga mai kilo 350. Harawar wake da ta gyaɗa suna da muhimmanci a wannan batu, domin melanin ana gina shi ne daga furotin, su kuwa sun fi ingirici wadatarsa. Dawa ko gero da dusa ƙari ne gwargwadon aikin da dokin ke yi. 'Yar tunkuza mai tsafta tana taimakawa, amma wadda ta yi fumfuna guba ce. Man gyaɗa kaɗan a cikin abinci yana kawo sheƙi, sai dai sheƙi daban, launi daban. A bar masa gishiri da tsaftataccen ruwa a kowane lokaci, a kuma riƙa zuba abinci a mazubi maimakon ƙasa.

Game da ƙarin sinadarai, a nemi wanda aka haɗa domin dawaki, bisa shawarar likitan dabbobi. Wannan ba ƙa'idar fatar baki ba ce. Gidaje da dama suna ɗaure ragon layya kusa da doki, kuma adadin tagullar da doki ke ɗauka lafiya yana iya taruwa a hantar tunkiya ya kashe ta. Dutsen lasa na tumaki kuma ba ya isar doki. Mafi haɗari shi ne abincin kaji ko na shanu, domin wasu na ɗauke da maganin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Idan koɗewar ta zo tare da rama ko gashi mai tsayuwa, a fara zargin tsutsar ciki ko wata cuta. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi wa mazauna Kaduna nisa ba.

Inuwa da ruwa

Wannan ɓangaren ya fi sauƙi, kuma shi aka fi sakaci da shi. Daga hantsi zuwa la'asar doki ya kasance a ƙarƙashin rumfa mai shan iska. Rufin kwano maras tsawo yana tare rana, amma yana sa gumi, don haka rumfar zana ko inuwar bishiya ta fi. A mayar da motsa jiki zuwa sassafe ko yamma. Bayan kowane hawa a ɗauraye gumin da ruwa zalla, musamman wurin sirdi, a bar shi ya bushe a inuwa. Garin sabulun wanki yana kwashe maiƙon da ke kare gashi, bai kamata ya zama na kullum ba. Buroshi a kowace rana ya fi shi amfani.

Dabarun gaggawa

Idan Sallah ta matso, wasu kan koma ga rinin gashi ko shafa baƙin mai. Rini yana iya ƙona fata, baƙin mai kuwa guba ne ga dabbar da ke lasar jikinta. Sayar da rinannen doki da sunan akawal kuma algus ne, wanda wanka kaɗan zai tona.

A Turai da Amurka wasu na zuba garin jan tattasai a abincin baƙaƙen dawaki. Masu shiga gasa su yi hattara, domin sinadarin da ke sa barkono yaji haramtacce ne a dokokin wasannin dawaki na duniya, kuma shi ya jawo ƙasar Norway ta rasa lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2008.

Gashin da ya riga ya koɗe ba ya komawa baƙi, sai dai a jira ya zube sabo ya fito. A jiki ana iya fara ganin bambanci bayan wata biyu zuwa uku da gyara abinci da samar da inuwa. Geza da jela sun fi jinkiri, domin tsawon da suke ƙarawa a wata bai wuce kimanin santimita biyu ba. Mai son fita da akawal a hawan Ƙaramar Sallah, tun watan Disamba ya kamata ya kafa rumfa ya kuma gyara kwanon abinci.