Kaya ko Ƙaya: Wasa ne ke warware harshen yaro

Kuchigoro, da ke gefen hanyar filin jirgin saman Abuja, garin Gbagyi ne tun asali, amma Hausa ce harshen ciniki. Tun 2014 kuma mutanen Gwoza da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu suke zaune a sansanin Sabon Kuchigoro. Yaron da ya tashi a nan yana jin yaren gida, da Hausar waje, da Turancin makaranta. Da ya ce "kafa" a maimakon "ƙafa", sai a ce tsamin baki gare shi. Wani ya daka masa tsawa, wani ya kai shi wurin wanzami ya tsaga ƙarƙashin harshe. Ba tsawa yake buƙata ba, balle aska. Wasa yake buƙata.

Dalili shi ne, ƙ da ts da ɓ da ɗ aikin maƙogwaro ne: yakan ɗaga a wajen ƙ da ts, ya sauka a wajen ɓ da ɗ. Ba a bayyana wa ɗan shekara huɗu wannan da baki, sai dai a ɗora yatsansa a wuyan uwa ta ce "ƙwai", ya ji abin yana motsi, ya yi dariya, ya gwada a nasa. Daga nan a kafa kasuwa a kan faifai: ƙosai, tsintsiya, ɓawon gyaɗa, da ƙaya guda. Shi ne mai talla, uwa ce mai saye. In ya ce "kosai", kada ta ce ya yi kure. Ta ce, "Ƙosai? To, ba ni ƙosai biyu." Ya ji daidai sau biyu ba tare da an kunyata shi ba. In kuwa ya ce a kawo "kaya" alhali ƙaya yake nufi, a ɗauko masa ƙunshin tsumma, shi da kansa zai gane harafi ɗaya ya sauya zance. Zantukan karya harshe, waɗanda ake kira gagara-Gwari (sunan da bai dace a furta a Kuchigoro ba), a bar su sai sautin ya zauna.

Za a ce ai yaro na dainawa da kansa. Sau da yawa haka ne. Nazarin da Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka fitar a 2018 kan harsuna 27 ya nuna yara kan iya akasarin baƙaƙen harshensu zuwa shekara biyar, ra mai karkarwa tana cikin na ƙarshe. Ashe ɗan shekara uku da ra ta gagara ba abin tashin hankali ba ne. Amma jira ba ya maganin kunnen da ke zubar da ruwa, kuma sautin da yaro bai ji ba, ba zai furta ba. Wasu kuma kan ɗora laifin a kan yawan harsuna, har su hana yaro yaren iyayensa. Harshe biyu ko uku ba ya jawo tsamin baki. A yi wasan da harshen da uwa ta fi sakewa a ciki.

Iyaye, in yaro ya cika shekara huɗu baƙo bai gane maganarsa ba, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Ƙasa da ke Abuja, a fara auna jinsa.