Ya Bar Filin Ƙwallo Ya Koma Tarbiyyar Samari

A cikin watan Yuli na 2008 wani labari ya fito daga ƙasar Amurka wanda ya ba masu sha'awar ƙwallon ƙafa mamaki. Wani ɗan wasa mai suna Chase Hilgenbrinck, mai tsaron baya a ƙungiyar New England Revolution, ya sallami shugabanninsa, ya ce ya bar wasa. Shekarunsa 26 a sa'an nan, lafiyarsa ƙalau, ba kuwa korarsa aka yi ba. Nufinsa ya zama Fada, watau limamin Katolika.

Shi dai wannan saurayi a jihar Illinois aka haife shi, a 1982. Da ya fita Jami'ar Clemson sai ya tafi ƙasar Chile, a Amurka ta Kudu, ya yi wajen shekara huɗu, ƙwallo ce sana'arsa. A 2006 yana cikin waɗanda suka kai ƙungiyar Ñublense sahun farko na wasan ƙasar. A can baƙunci, nesa da dangi, ya lizimci addu'a, har zuciyarsa ta karkata ga aikin addininsa.

To, abin da muke so malamai da akawuna su lura da shi ke nan: sunan da ya yi bai gajarta masa hanya ba. Makarantar horon limamai ya shiga, ta Mount St. Mary's a jihar Maryland, ya koma ɗalibi har shekara shida. Sai a 2014 aka naɗa shi a birnin Peoria. Daga nan aka danƙa masa kula da 'yan wata makarantar sakandare a Rock Island, bayan haka kuma ɗaliban Jami'ar Illinois.

Dalilin wannan dogon horo a fili yake. Yaro na iya matsowa don ya ga gwanin ƙwallo, amma ran da ya zo da damuwar gida ko ta karatu, yana bukatar mai haƙuri, mai sanin abin da zai faɗa masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun da bai ƙware ba kuwa karya shi yakan yi.

Mu da muke horon malamai mun sha ganin masu raina aji don albashi kaɗan ne. Muna fata su duba wannan mutum, wanda ya bar tafin dubban 'yan kallo, ya sake zama a kan benci shekara shida, kafin a amince masa da 'ya'yan mutane.